Lazar Mai Raba Wasiƙu da Asabar Huɗu

Ƙanena Lazar Pomerantz ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙafa a gabashin Cleveland. In ka tambaye ni abin da ya fito da shi daga wannan aiki, zan ce maka gwiwa biyu da suka lalace da sunayen karnukan unguwa uku. Ba mai magana ba ne. A gidanmu ni Gittel aka bar wa baki, shi kuma aka bar masa ƙafa. Tun yana yaro, in mahaifiyarmu ta aike shi sayen burodi, sai ya dawo ya gaya mata taku nawa ne zuwa shagon, ya manta irin burodin da aka ce ya sayo.

Mu Yahudawa ne masu kiyaye Asabar. Daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito washegari, ba ma shiga mota, ba ma taɓa waya, ba ma kunna wuta, ba ma ɗaukar kaya a titi. Gidan waya kuwa yana raba wasiƙu ranar Asabar. Lazar bai taɓa kai ƙara ko ɗaga murya kan wannan ba. Musaya ya riƙa yi da abokan aikinsa: shi ya karɓi makon Kirsimeti da ranakun da ƙanƙara ke kai wa mutum gwiwa, su kuma su riƙe masa Asabar. Haka ya yi har ya ajiye aiki, kuma su suna ganin su ne suka ci riba.

Ya yi aure a makare, da Hadassa mai aikin jinya, Allah ya ba su 'ya ɗaya tilo, Yonina. A karatu yarinyar ba yabo ba fallasa. Ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba a kuma taɓa kiranta gaban taro an ba ta kyauta ba. Abin da ta iya shi ne tsaron raga. Tun tana 'yar shekara tara take gola a ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, doguwa ce mai manyan hannuwa irin na ubanta, ga taurin kai irin nawa. Makarantar tamu ce, ana wasa ranakun aiki da Lahadi, don haka ba wanda ya taɓa tambayarta ta zaɓa tsakanin ƙwallo da Asabar. Mu ma mun manta cewa ranar tambayar tana nan tafe.

Ranar ta zo ne a shekarar Yonina ta ƙarshe a makarantar, a ofishin Misis Kantrowitz mai ba ɗalibai shawarar kwaleji. Hadassa tana aiki, sai Lazar ya ja ni muka je. Matar ta juya takardun Yonina sau biyu kamar mai neman abin da ya ɓuya a baya, sannan ta ce:

"Yarinyar kirki ce ƙwarai. Matsakaiciya ce dai."

Ni har na buɗe baki, Lazar ya riga ni. "Madalla. Ni ma haka nake. Ina matsakaita suke zuwa?"

Ta zayyana mana gaskiya, kuma ban ji daɗinta ba. Manyan kwalejojin da ke cike da 'ya'yanmu, masu kicin ɗin kosha, wato abincin da addininmu ya halatta, da majami'a a cikin harabarsu, ƙungiyoyinsu sun fi ƙarfin Yonina, wasunsu ma makinta ba zai kai ta ƙofarsu ba. Ƙananan da za su yi murna da gola irinta kuwa suna can cikin gonakin masara, inda in ka ce kosha sai a ɗauka sunan magani ne. Kuma dukansu, manya da ƙanana, ranar Asabar suke wasa.

Muka shiga yawon Lahadi. Lazar yana tuƙi, Yonina a gefensa, ni a baya da kwandon abinci, don ban yarda da abin da za mu tarar a hanya ba. Kwaleji takwas muka zaga a wannan kaka. Sauran iyaye suna tambayar ɗakin karatu da yawan malamai, ƙanena yana can baya yana motsa leɓe, yana ƙirga taku daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa filin wasa. In mun isa filin sai ya duba ko an zagaye shi da shinge, don a wurin da ba shinge ba a yawo da ƙwallo ranar Asabar. Daga nan ya durƙusa da waɗannan gwiwoyin nasa ya shafa ciyawa, ya ji ko ta roba ce ko ta gaske, saboda ta gaske takalmi na tuge ta, tuge tsiro kuma aiki ne.

"Abba, don Allah ka tashi," in ji Yonina, tana rufe fuska da hula. "Mutane na kallo. Za su ce ka yar da haƙorinka."

"Ta gaske ce," ya ce, yana kakkaɓe wando. "Mu je ta gaba."

Ba daga kansa ya ƙago waɗannan sharuɗɗa ba. Ya je wurin limamin majami'armu, Rabbi Gelber, ya zauna da shi awa biyu. Malamin ya ce masa ba zai sa masa albarka a kan wasan Asabar ba, don ba abin da aka yi ranar dominsa ba ne, amma in akwai shinge, ciyawar ta roba ce, yarinya ta je da ƙafarta ba ta ɗauki komai ba, to ba zai ce ta karya doka ba. Lazar ya riƙe wannan siririyar hanya da hannu biyu. Ni kam na gaya masa ra'ayina, ba tare da ya nema ba: ta ajiye ƙwallon nan ta shiga kwalejin cikin gari, ta kwana a gidan ubanta kamar 'ya'yan kowa.

Ta takwas ɗin ita ce Harlan Creek, tafiyar awa biyu da rabi daga gida. Ƙaramar kwaleji ce, mai jan bulo da warin taki in iska ta juyo. Filin yana da shinge, ciyawar ta roba ce, taku dubu ɗaya da ɗari biyu daga ɗakin kwana. Akwai wani malamin kimiyya Bayahude ɗan uwanmu da ke tara ɗaliban Yahudawa su bakwai a gidansa kowace Juma'a. Kocin 'yan matan, wata gajeriyar mace mai shaƙaƙƙiyar murya da ake kira Dunleavy, ta sa Yonina a raga ta yi ta buga mata ƙwallo minti arba'in. Da suka gama ta ce golarta za ta kammala bana, tana son wannan. Ranakun idinmu ma ta ce ba matsala, akwai gola ta biyu.

Na ga fuskar Yonina a lokacin. Ban taɓa ganin wani ya ce yana sonta don abin da ta iya ba, ita ma ba ta taɓa gani ba.

Sai koci ta miƙo jadawalin wasanni. Lazar ya bi shi da yatsa, yatsan ya tsaya. Asabar bakwai ne a ciki, uku a gida, huɗu a garuruwan wasu. Duk ƙirgen takun da ya yi wata biyu yana yi, na filin gida ne. Mutumin da bai taɓa barin unguwarsa ranar Asabar ba tun da aka haife shi, bai zo masa a rai ba cewa ƙungiya tana hawa bas da safe ta tafi wani gari. Ni ma da bakina duka ban tuna ba.

"Wasa ɗaya ko biyu zan iya ɗaga mata," in ji koci. "Huɗu ba zan iya ba. Ba zan gina ƙungiya a kan golar da ba ta zuwa waje ba. Ku yi shawara, ina jiran amsa nan da mako uku."

Muka kamo hanyar gida a mota. Na miƙa musu gurasa da kifi, ba wanda ya karɓa. Can Yonina ta ce, tana kallon taga:

"Shi ke nan, Abba. Gwaggo ta yi gaskiya. Zan shiga ta cikin gari. Ƙwallo ce kawai."

Ya kamata in ji daɗi, tunda maganata ce ta fito daga bakinta. Amma na ga ƙeyar ƙanena ta sandare, na kuma san dalili. Lazar yana ɗan shekara goma sha shida ya fi kowa gudu a makarantarmu. Aka zaɓe shi gasar jiha, gasar ta faɗo Asabar. Mahaifinmu bai yi faɗa ba, bai ma yi magana ba. Da yammacin Juma'a ya goge farar rigar majami'a ta Lazar da hannunsa, ya shimfiɗa masa a kan gado. Lazar ya sa rigar. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, gudu ne kawai. Bai bar addini ba, bai taɓa fashin majami'a ba, amma shekara ashirin ya yi yana zama kusa da mahaifinmu ba ya kallon fuskarsa. Ni na gani, don ni ke zuba musu abinci.

"Ki ba ni mako ukun," ya ce da ita.

Washegari ya share teburin kicin ya baza taswira. Dabararsa mai sauƙi ce: in ba za ta hau bas ranar Asabar ba, sai ta isa garin tun Juma'a kafin rana ta faɗi, ta kwana a gidan wani namu, ta taka zuwa fili da safe, kayan wasanta su zo a bas ɗin ƙungiya. A wurinmu baƙon Asabar ba a mayar da shi, ko ba ka taɓa jin sunan kakansa ba. Matsalar ita ce nemo gidajen. Yonina ta ce a bar ta ta duba a intanet, ya ce ta duba, shi ma zai duba ta hanyarsa. Hanyarsa kuwa ita ce tsofaffin matan majami'a. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wa kike da shi a gari kaza? Wannan ta tuna ɗan ƙanwar mijinta, waccan ta tuna wata da suka yi makaranta tare. Ya zauna ya rubuta wasiƙu goma sha tara da hannu, don a cewarsa saƙon waya ana share shi, amma ambulan sai an buɗe.

Amsoshi suka fara zuwa. A gari na farko wani likitan haƙori ya ce shi dai rabonsa da majami'a tun ranar aurensa, amma matarsa za ta sayi sababbin tukwane don dafa mata abincin kosha, kuma gidansu yana kallon filin. A na biyu wata gwauruwa mai shekara tamanin ta ce ɗaki yana nan, ta kuma tambaya ko yarinyar tana da wanda take so, don tana da jika mai karatun lauya. A na uku aka samu iyali masu 'ya'ya shida, suka ce ɗaya a kai ba za a ma lura ba. Kowane gida sai da Lazar ya tuƙa ya je, ya taka daga ƙofarsu zuwa filin, ya shafa ciyawar.

Na huɗun shi ne Orwell Falls. Wasiƙu biyar ya aika can, uku suka dawo ba a buɗe ba, biyu aka amsa daga 'ya'yan mutanen cewa iyayen sun rasu, su kuma sun koma wasu jihohi. Majami'ar garin ta zama shagon sayar da katifa. Ba ko mutum ɗaya namu da ya rage. Otal mafi kusa da filin yana bakin babbar hanya, mil huɗu da 'yan kai, kuma ba uban da zai bar 'yarsa 'yar shekara goma sha takwas ta kwana can ita kaɗai a shekararta ta farko.

Saura kwana biyu wa'adin koci ya cika ya zo gidana da rana, ya zauna a kujerar da ba na son a zauna mini.

"Ni zan riƙa kai ta Orwell Falls," ya ce. "Mu kwana a otal ɗin, mu taka tare."

"Kai? Da wace gwiwar? Majami'a kuma fa?"

Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Majami'armu ta tsufa, matasa sun koma sababbin unguwanni. Ba a addu'ar jam'i sai da maza goma, kuma Asabar da yawa Lazar ne na goman. Da labari ya kai can, dattijo Feivel, wanda ke raba wa yara alewa yana raba wa manya baƙar magana, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Pomerantz, an ce za ka bar mu mu tara ka tafi kallon ƙwallo. To ka gaishe mana da alƙalin wasa, ka ce ya sa mu a addu'a."

"Na samo muku surukin Gelber, zai zo ranar," in ji Lazar. "Ni kuma zan riƙe masa addu'ar safiyar Litinin da Alhamis duk lokacin sanyi."

"Ka ji ɗan gidan waya! Har da Ubangiji sai ya yi musayar ranar aiki."

Ni ban tsaya a zolaya ba, faɗa na yi masa sosai. Na ce yana wahalar da kansa a banza. Na ce yarinyar da aka kai cikin gonakin masara, cikin ɗalibai dubu biyu da ba su san Asabar ba, shekara ɗaya za ta yi ta fara hawa bas ɗin nan, shi yana nan yana lasar ambulan. Na ce a gida aƙalla idonmu yana kanta. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba, sannan ya ce:

"Yaya, ban san ko za ta riƙe ba. Wallahi ban sani ba. Amma in ta ajiye ƙwallo saboda Asabar, ni na san yadda za ta riƙa kallon Asabar, na kuma san yadda za ta riƙa kallona. In za ta riƙe, ta riƙe tana sonta."

Na tashi na ɗora ruwan shayi, na daɗe a kicin fiye da yadda shayi ke buƙata.

Yonina ta shiga Harlan Creek. Ni na zama mai cika mata firji, duk wata nake dafa kaza da miyar wake in daskarar in aika. Karatunta bai canza hali ba, ba yabo ba fallasa, ta karanci koyar da motsa jiki. Tafiyar Orwell Falls ta farko da ni aka yi, don na ce ba zan bar su su ci abincin gwangwani ranar Asabar ba. Ƙofar ɗakin otal ɗin da kati ake buɗe ta, katin kuma lantarki ne, sai da Lazar ya yi wa yaron da ke kantar otal ɗin bayani tun Juma'a cewa shi zai riƙa buɗe mana, yaron yana gyaɗa kai yana kallonmu kamar mun faɗo daga wata. Da safe muka fito hannu rabbana, ba jaka, ba ruwa, ba ko hankici a aljihu. Manyan motoci suna wuce mu suna watsa mana iska. Na yi mita tun daga mil na farko har na ƙarshe, ba wanda ya kula ni.

A ƙofar filin na ɗauka zai tsaya a waje, don bai taɓa kallon wasa ranar Asabar ba. Ya ɗan yi jim, sannan ya shiga ya zauna a layin ƙarshe da baƙar kwat ɗinsa ta majami'a. An ci su biyu da ɗaya, ɗaya daga cikin ƙwallayen ma laifinta ne. A hanyar dawowa ya yi ta yi mata bayanin inda ya kamata ta tsaya, mutumin da bai taɓa tsaron raga ba. Ta ce, "Abba, ka bari mana," amma ba ta saki hannunsa ba.

Shekara uku ya yi yana wannan tafiya. A ta huɗu likita ya ce gwiwar dama ba za ta ƙara jira ba, aka yi masa aiki ana saura kwana goma wasan Orwell Falls. Hadassa tana jinyarsa, ni kuma ƙafata ta riga ta yi ritaya. Yonina ta kira ranar Alhamis ta ce kada ya damu, ta girma, za ta san yadda za ta yi. Ba ta faɗi yadda za ta yi ba, shi ma bai tambaya ba.

Na yi wannan Asabar a gidansu. Waya a kashe, ba hanyar sanin komai. Yana kwance a kujerar falo da ƙafa a kan matashi, littafin addu'a a buɗe a ƙirjinsa, shafi ɗaya tun safe. Bas ɗin ƙungiya yana tashi daga kwaleji ƙarfe bakwai, ya sani, ni ma na sani. Ba wanda zai gan ta in ta shiga, ba kuma wanda zai ga laifinta a can. Sau ɗaya na ce masa, "In ta kira, ka tambaye ta kawai." Ya girgiza kai ya ce ba zai tambaya ba, ko yau ko gobe. Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin zolayarsa da shi.

Da taurari suka fito Hadassa ta kunna fitila, ba a yi minti biyar ba waya ta yi ƙara. Ya sa ta a lasifika. Ya tambaye ta wasa, ta ce canjaras, ba ci. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Ina ganin tambayar a bakinsa, ya danne ta.

"Af, Abba," ta ce, "ka gyara lissafinka. Sun rufe gadar nan ta tsakanin otal da fili ana gyara, sai da na zagaya da ƙafa ta bayan masana'antar katako. Mil biyar da rabi ne yanzu. Na kusa makara, koci kamar ta cinye ni."

Lazar ya miƙo mini wayar, ya juya fuskarsa ga bango.

"Gwaggo? Abba yana nan kuwa?"

"Yana nan," na ce. "Ki ba shi minti ɗaya."